Tsawon Lokacin Tashin Ƙananan Jirage Masu Saukar Ungulu a Gasar Kimiyya ta Ɗalibai: Nazari Domin Makarantun Gaya da Ajingi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abubuwan da ke ƙayyade daɗewar ƙaramin jirgi mai saukar ungulu a sama, irin wanda ɗalibai ke haɗawa da hannu, roba ta juya masa farfela. An yi amfani da lissafin turin iska wajen auna tasirin nauyin jirgi, da faɗin farfela, da yawan roba, da kaurin iska a yanayin gabashin Kano. An gano cewa nauyi ya fi komai tasiri: ninka shi sau biyu na cinye kusan kashi biyu bisa uku na lokacin tashi, alhali zafin bazara kashi 4 cikin 100 kawai yake ragewa. Maƙalar ta ba da shawarar a riƙa yanke hukuncin gasa da agogo da sikeli maimakon kyan gani.

Muhimman kalmomi: jirgi mai saukar ungulu, farfela, roba, gasar kimiyya, Gaya, Ajingi

1.0 Gabatarwa

Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala, waɗanda ake kira Abagayawa, daga Gaya suka taso neman tama. Ƙira daɗaɗɗiyar sana'a ce a wannan yanki, kuma har yau yaran ƙauyukan Gaya da Ajingi na haɗa motar kara da jirgin gwangwani ba tare da wani ya koya musu a aji ba. Yankin na da Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule a garin Gaya, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a maƙwabciyarsu Wudil a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote.

Duk wanda ya saba halartar baje kolin ƙungiyoyin kimiyya na JETS a makarantun sakandare ya san irin jiragen da ɗalibai ke kawowa: na kwali ko langa-langa, an shafe su da fenti, fitila na walƙiya, farfela na juyawa da batir, amma suna nan daram a kan tebur. Ɗalibin ya nuna gwaninta, sai dai bai samu damar tambayar dalilin da ya hana abin nasa tashi ba, alhali a wannan tambayar kimiyyar take. Manufar binciken ita ce fito da amsar a lissafe, yadda malamin fiziya zai iya kai ta aji.

2.0 Waiwaye

Ƙaramin jirgin wasa ya riga babban jirgi zuwa duniya. A 1784 Launoy da Bienvenu suka nuna wa Cibiyar Kimiyya ta Faransa wani ɗan jirgi mai farfela biyu na gashin tsuntsu, masu juyawa saɓanin juna. A 1870 Alphonse Pénaud ya yi amfani da murɗaɗɗiyar roba a matsayin inji. Irin wannan abin wasa ne Milton Wright ya kawo wa 'ya'yansa Wilbur da Orville a 1878, kuma su ne suka tashi da jirgi mai inji a 1903. A 1939 kuma Igor Sikorsky ya ɗaga jirginsa mai saukar ungulu VS-300 daga ƙasa.

A Amurka, gasar Science Olympiad ta sha sanya wannan fanni cikin jerin wasanninta. Ana tashin jirgin a cikin zaure, ana ƙayyade mafi ƙarancin nauyinsa da iyakar faɗin farfelarsa, sannan wanda ya fi daɗewa a sama shi ne zakara.

A gida kuwa, a watan Oktoban 2007 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ruwaito labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai kujera huɗu da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Rahoton ya ce jirgin bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Aikin nasa ya tabbatar da akwai himma da basira, ya kuma fito da matsalar da ke gaban duk maƙerin jirgi, babba ko ƙarami: yadda ƙarfin inji zai rinjayi nauyin da ya ɗauko.

3.0 Hanyar Bincike

Binciken na lissafi ne, an gina shi a kan ra'in turin iska wanda Rankine ya assasa a 1865, Froude ya faɗaɗa a 1889. Jirgi na tsayawa a sama ne idan farfelarsa na tura iska ƙasa da ƙarfin da ya yi daidai da nauyinsa. Mafi ƙarancin ƙarfin da ake buƙata shi ne:

P = √(W³ ÷ 2ρA)

W nauyin jirgi ne, A faɗin da'irar da farfela ke sharewa, ρ kuwa kaurin iska, wato yawan kilogiram na iska a kowace mita murabba'i mai zurfin mita ɗaya. Tsawon lokacin tashi shi ne makamashin da ya isa ga iska a raba shi da P.

An ƙaddara jirgin gwaji kamar haka: gangar jiki da farfela giram 3, roba giram 2, faɗin farfela santimita 30. An ɗauka kowane giram na roba mai kyau na adana jul 10, kuma kashi 20 cikin 100 na wannan makamashi ne ke zama ɗagawa, sauran na salwanta a gogayya, da jan iska a kan fikafikan farfela, da murɗin da ya rage bayan sauka. Jirgin na da farfela biyu, ta sama da ta ƙasa, an kuma lissafa su a matsayin da'ira guda. Yankin na sama da teku da mita ɗari huɗu da wani abu, don haka kaurin iska ya kama 1.16 da safiyar hunturu mai zafin digiri 15, da 1.07 da azahar ɗin bazara mai digiri 40. Daga nan aka riƙa sauya abu ɗaya, sauran na nan yadda suke.

4.0 Sakamako

Jirgin gwaji mai giram 5 na buƙatar wat 0.027, yana tura iska ƙasa da saurin rabin mita a sakan, kuma zai yi sakan 149 a sama.

| Abin da aka sauya | Lokacin tashi |
|---|---|
| Jirgin gwaji, giram 5 | sakan 149 |
| Jimillar nauyi giram 7 | sakan 90 |
| Jimillar nauyi giram 10 | sakan 53 |
| Jimillar nauyi giram 15 | sakan 29 |
| Farfela santimita 20 | sakan 99 |
| Farfela santimita 40 | sakan 199 |
| Iskar bazara, digiri 40 | sakan 143 |
| Roba giram 1 | sakan 104 |
| Roba giram 3 | sakan 170 |
| Roba giram 6 | sakan 185 |
| Roba giram 10 | sakan 178 |

5.0 Tattaunawa

5.1 Nauyi

Giram biyu kacal da aka ƙara wa gangar jiki sun ci kusan minti guda. Dalili shi ne ƙarfin da ake buƙata ya fi nauyin saurin hauhawa: idan nauyi ya ninka biyu, ƙarfin sai ya ninka 2.8, idan ya ninka uku, sai ya haura ninki biyar. Wannan ya bayyana halin da jiragen baje koli ke ciki. Fenti, da gam mai yawa, da kujerun ado, da ƙafafun waya, kowannensu na ƙara kyau yana rage tashi. Ɗalibin da ya fahimci haka zai daina tunanin abin da zai ƙara, ya koma neman abin da zai cire ba tare da jirgin ya karye ba.

A nan yaron karkara ke da rinjaye. Masu gasa a ƙasashen waje na amfani da katakon balsa saboda rashin nauyinsa. Bayan girbi, gonakin Gaya da Ajingi cike suke da karan dawa da na gero. Totuwar kara ba ta da nauyi, ɓawon karan kuma idan aka tsaga siriri yana da ƙwari. Sillen kara na iya zama sandar da ke riƙe roba, tsagin ɓawo ya zama ƙashin farfela, a lulluɓe shi da ledar shago mafi siranta. Abin kula shi ne a zaɓi busasshen kara miƙaƙƙe, domin jan roba na lanƙwasa mai rauni, lanƙwasar kuma na sa jirgi tangaɗi.

5.2 Farfela

Lokacin tashi na tafiya kafaɗa da kafaɗa da faɗin farfela, domin tura iska mai yawa a hankali ya fi araha a kan tura kaɗan da gudu. Shi ya sa dole dokar gasa ta sa iyaka. Da zarar an sa ta, gwaninta ta koma kan karkatar fikafikai. Ƙarshen fiffike ya fi gindinsa gudu, saboda haka gindin ke buƙatar karkata sosai, ƙarshen kuma kaɗan. Karkata ta yi yawa, farfela ta kasa juyawa da kyau. Ta yi kaɗan, roba ta warware da wuri. Farfela biyu masu juyawa saɓanin juna na kashe juyin da zai sa gangar jiki wulwulawa, sai dai dole a daidaita nauyin kowane fiffike da ɗan'uwansa.

5.3 Roba

Lissafi ya nuna ana kaiwa ƙololuwa ne idan nauyin roba ya ninka na gangar jiki da farfela sau biyu. Amma daga giram 3 zuwa 6 ribar sakan 15 ce kawai, kuma da wuya sandar kara mai giram ɗaya ta jure wannan jan. Ya fi dacewa a tsaya kusa da nauyin gangar jikin.

Roba ba ta sakin ƙarfinta bai ɗaya. Da farko takan fizga, sannan ta daɗe a matsakaici, daga bisani ta yi sanyi. A zauren makaranta mai gajeren rufi, fizgar farko na kai jirgi ya bugi silin. Maganinsa a murɗa sosai sannan a warware kaɗan kafin saki, a kuma kafa ɗan tsinke a saman jirgin don kada farfela ta taɓa rufi. Miƙe roba yayin murɗawa na ƙara yawan murɗin da za ta ɗauka. Man silikon na rage gogayya, man inji da basilin kuwa na lalata ta. Rana da zafi na tsofar da roba, don haka a adana ta a rufe cikin inuwa. Robar ɗaure kuɗi da tsagin tif ɗin keke ba su kai robar gasa ba, amma idan kowa daga ƙunshi ɗaya ya ɗiba, adalci ya samu.

5.4 Yanayi

Tsakanin hunturu da bazara bambancin sakan 6 ne. Motsin iska ya fi kaurinta barazana, domin jirgin da ke tura iska da rabin mita a sakan ba zai jure fanka ko buɗaɗɗiyar taga ba. Rufin kwano da ya sha rana ma na motsa iskar zaure. Sanyin safiya, da tagogi a rufe, shi ne lokacin da ya dace.

6.0 Shawarwari

1. Masu shirya gasa a ƙananan hukumomin biyu su ware rukunin tashi daban da rukunin ƙira da ado.
2. Doka ta fayyace mafi ƙarancin nauyi, da iyakar farfela, da nauyin roba. A auna da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal.
3. Mutum uku su riƙe agogon waya, a ɗauki lokacin tsakiya, daga sakin jirgi zuwa taɓa ƙasa.
4. Kowace tawaga ta gabatar da littafin gwaji mai ɗauke da nauyi, da yawan murɗi, da lokacin kowane tashi, a ba shi maki.
5. A buɗe gasar ga makarantun 'yan mata da na jeka-ka-dawo, tunda kayan aikin ba su da tsada.
6. Sassan fiziya da injiniyanci na jami'ar Wudil su auna ƙwari da nauyin karan dawa da na gero, su fitar da jadawali ga malamai.

7.0 Kammalawa

Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Binciken ya nuna cewa daɗewar ƙaramin jirgi a sama ta rataya ne a kan nauyi da farko, sai faɗin farfela, sai sarrafa roba, yanayi na ƙarshe. Uku na farko duk suna hannun ɗalibi, kuma ba kuɗi ke sayensu ba. Alƙaluman da aka kawo ma'auni ne da kowace makaranta za ta iya gwada nata jirgin a kai. Inda gwaji ya saɓa wa lissafi, neman dalilin saɓanin shi ne darasi na gaba. Yaron da ya koyi aunawa, ya rubuta, ya sauya abu ɗaya, ya sake aunawa, ya riga ya kama hanyar da injiniya ke bi, kuma zango ɗaya na karatu ya isa a fara wannan a Gaya da Ajingi.