Kaska: ƙwaron da gwamnati ta bar wa yatsun makiyayi

Bahaushe ya ce da haushin kifi kaska za ta mutu, domin duk nacinta ba ta iya bin mai jini cikin ruwa. Kamar da wannan karin magana Turawan mulkin mallaka suka yi aiki a kudancin Afirka: suka gina dogayen kwamin wanka, suka zuba magani, suka wajabta wa kowace saniya yin iyo a ciki. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi kuwa ba a taɓa kafa irin wannan doka ba, kuma dalilin haka ya shafi duk mai shanu a yau.

A 1893 masana biyu a Amurka, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka tabbatar cewa kaska ce ke yaɗa zazzaɓin shanun da ke sa fitsarin jini, har ƙasar ta ɗaura yaƙin kawar da ita daga 1906. A Rodeshiya ta Kudu, Zimbabuwe ta yau, wata cutar kaska mai kisan garke ta ɓulla a farkon ƙarni na 20, aka mayar da wankan shanu dole a 1914. Wannan cuta ba ta zo Afirka ta Yamma ba. Abin da ya firgita mahukuntanmu shi ne ciwon bushiya, wanda ya share mafi yawan shanun ƙasar Hausa wajejen 1891. Sashen kula da lafiyar dabbobi da aka buɗe a Zariya a 1913, ya koma Vom a 1924, ya zuba ƙarfinsa kan bushiya da ciwon huhu da sammore. Jangali da kai ake ƙirga shi, don haka cutar da ke rage kawuna ita ke tayar da hankalin En'e. Kaska nono take ragewa, da tsoka, da darajar fata, abubuwan da ba sa shiga littafin haraji.

A daidai lokacin, auduga tana sake fasalin kudancin Katsina. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar kiwo ta Shika a 1928, malaman gona kuma suka shiga koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Shanu, da a da dukiyar ruga ce mai tafiya da lokaci, suka zama mazauna gidan manomi shekara zagaye. A nan kaska ta samu inda take cizo da zafi. Babbar kaska mai zane a baya da dogon baki tana fitowa da ruwan farko, makonnin da ake tsananin bukatar shanun huɗa. Tana kama hammata da matsematsi da hantsa, tana huda fata, a bayanta kuma kirci ke biyowa. San da kirci ya ci wa wuya ba ya ɗaukar karkiya, saniyar da kan nononta ya lalace ba ta ƙosar da maraƙinta. Manomi ya rasa huɗar farko, asarar kuma sai a kaka take bayyana.

Maganin da aka dogara da shi yatsu ne. Da sassafe, bayan tatsa, a kama dabba, a tsince manyan kaska, a jefa wuta. Binciken da aka yi a farkon shekarun 1980 a rugagen masu Bunaji na kudancin Kaduna ya nuna ana wannan tsinta sau uku a mako da damina, sau biyu da rani. Carki da kajin gida na taimakawa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka rashin wayewa ne, alhali akwai hikima a ciki. Hannu yana cire manya masu ɓarna, ya bar ƙanana. Waɗannan ƙanana su ke sa wa maraƙi ƙwayar cuta tun yana da kariyar ƙuruciya, ya tashi da garkuwar da za ta raka shi har tsufa. Zimbabuwe ta ga ɗaya fuskar: shanunta sun yi shekaru sittin ba su san kaska sosai ba, da yaƙin neman 'yanci ya tsayar da wanka a shekarun 1970, kimanin miliyan ɗaya suka mutu.

Wannan daidaito ya tsaya ne kan abubuwa uku: shanun gida masu juriya, hannaye masu yawa, da kaskar da aka saba da ita. Duk ukun sun girgiza. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, ya yaɗa taki da famfon feshi da maganin ƙwarin auduga. Bayan tsuke bakin aljihu na 1986, malamin dabbobi na gwamnati ya yi wuyar gani, magani ya koma hannun 'yan tebur a kasuwa. Famfon da ya fesa gona da safe shi ke fesa sa da yamma, da awon ƙiyasi. In an rage, kaskar da ta tsira ta haifi masu taurin kai. In an zarce, dabba ta sha guba, ragowar kuma ta bi nono zuwa ƙwarya. Burtali ya ƙuntata, satar shanu ta tarwatsa rugage a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, yaran da ke tsinta sun ragu. Masu kuɗi kuma suna sayen barbarar shanun Turai don madara, waɗanda ba su gaji juriyar Bunaji ba.

Sannan ga baƙuwa. Wata kaska 'yar asalin Asiya ta shigo Afirka ta Yamma a jikin shanun da aka sayo daga Birazil. An gano ta a Kwaddibuwa a 2007, daga baya a Jamhuriyar Benin, aka kuma tabbatar da ita a Najeriya a 2017. Tana hayayyafa da sauri, tana kore kaskar gida, tana ɗauke da nau'in fitsarin jini mafi kisa, ta kuma shahara da jure magani. Yawanta ya fi ƙarfin yatsu.

Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 ta gaji wannan matsala ba tare da gadon tsari ba. Tarihi ya yi gargaɗi kan hanyoyi biyu: mafarkin kawar da kaska baki ɗaya, da barin kowa ya yi ta kansa. Abin da ya rage aiki ne mara armashi: a san irin kaskar da ke kowace ƙaramar hukuma, a gwada wane magani ke ci har yanzu, a tsananta feshi a farkon damina kaɗai, a bar maruƙa su samu garkuwarsu. Manomin da ya sayo sa a kasuwar Sheme kuma ya ware shi, a duba shi, a wanke shi, kafin ya haɗa shi da na turke.