Amurka: Gaskiya da shaci-faɗi a kan ƙananan bindigogi

Babu wata ƙasa a duniya da fararen hula suka mallaki bindigogi kamar Amurka. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun jama'ar ƙasar, wato fiye da yawan mutanenta.

A shekarar 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa tsarin mulki ya bai wa kowane ɗan ƙasa damar ajiye ƙaramar bindiga a gida domin kare kai.

Sai dai kuma abubuwa da dama da masu bindigogin suka yi imani da su sun samo asali ne daga fina-finai da labaran soja na da. Wasu sun rushe da aka gwada su, wasu kuma har yanzu ana tafka muhawara a kansu.

Babban harsashi ko ƙarami?

Wannan ita ce gardama mafi daɗewa. Wani ɓangare na goyon bayan harsashi mai faɗin milimita 9, ƙirar Bajamushen kamfanin da Georg Luger ya yi wa aiki a farkon ƙarni na 20. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa babu kamar wanda ake kira .45, mai faɗin fiye da milimita 11.

Farin jinin .45 ya samo asali ne daga yaƙin da Amurka ta gwabza da Musulmin Moro na kudancin Filifins a farkon ƙarni na 20. Sojoji sun riƙa kai ƙorafi cewa suna harbin mayaƙan Moro da libarba mai harsashi .38, amma mayaƙan ba sa faɗuwa sai sun iso kansu da takobi.

A shekarar 1904 wasu hafsoshi biyu, John Thompson da Louis LaGarde, suka yi gwaji a kan shanu da gawarwaki, suka ba da shawarar kada a yi ƙasa da .45. A shekarar 1911 rundunar soja ta karɓi bindigar da John Browning ya ƙera, kuma ta ci gaba da amfani da ita har zuwa 1985, lokacin da ta koma ga Beretta mai milimita 9.

Tsofaffin sojoji da yawa ba su ji daɗin wannan sauyi ba. Shekara guda bayan haka wani lamari ya auku da ya ƙara musu ƙarfin hujja.

Artabun Miami

A ranar 11 ga watan Afrilun 1986, jami'ai takwas na hukumar bincike ta FBI suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, a wajen birnin Miami. Cikin 'yan mintoci aka kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, aka raunata biyar, kafin a kashe 'yan fashin.

Binciken gawa ya nuna cewa tun a farkon artabun wani harsashi mai milimita 9 ya ratsa hannun Platt na dama ya shiga ƙirjinsa, amma ya tsaya saura kaɗan ya kai ga zuciya. Raunin na kisa ne, amma bai hana shi ci gaba da harbi ba, kuma bayan samun raunin ne ya kashe jami'an biyu.

Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin. Ta koma ga mai milimita 10, amma jami'ai da yawa suka kasa sarrafa shi saboda ƙarfin bugun da yake yi wa hannu. Daga nan aka rage masa ƙarfi, abin da ya haifar da harsashin .40 a shekarar 1990, wanda rundunonin 'yan sanda da dama suka runguma.

Abin da masu kafa hujja da artabun ba su cika ambata ba shi ne, Platt ya yi ɓarnar ne da doguwar bindiga, alhali yawancin jami'an ƙananan bindigogi suke riƙe da su.

Babban abin da ya fito daga binciken shi ne sabon ma'auni. FBI ta ce dole ne harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren sinadari mai taurin naman mutum, domin ya iya kaiwa ga muhimman gaɓoɓi ko da ya fara ratsa hannu ko tufafi.

Da kamfanoni suka inganta ƙirar harsasai, mai milimita 9 ya cika wannan sharaɗi. A shekarar 2014 sashen horaswa na FBI ya ba da shawarar a koma gare shi, bisa hujjar cewa jami'ai sun fi iya saiti da shi, bindiga ta fi ɗaukarsa da yawa, kuma likitoci ba sa iya bambance raunin da ya yi da na manyan. A 2016 hukumar ta ƙulla kwangilar sayen irin waɗannan bindigogi da kamfanin Glock.

Wato bayan shekara 30 an dawo inda aka tashi. Masu ra'ayin .45 dai ba su sallama ba, suna cewa rami mai faɗi ya fi zubar da jini. Amma yawancin masana raunuka sun fi ba da muhimmanci ga wurin da harsashin ya samu.

Harsashi na wurgar da mutum?

A fim, wanda aka harba yakan tashi sama ya fasa taga. Ilimin kimiyya bai yarda da hakan ba.

Dokar Newton ta nuna cewa turawar da harsashi ke yi wa wanda ya samu ba za ta wuce wadda bindiga ta yi wa mai harbin ba. Da harsashin zai iya kayar da mutum, da mai harbin ma ya faɗi.

Harsashi mai milimita 9 nauyinsa kimanin giram 8 ne, gudunsa kuma kusan mita 350 a daƙiƙa. Idan ya tsaya cikin mutum mai kilo 70, zai gusar da shi ne da gudun santimita 4 kacal a daƙiƙa. Wanda ya faɗi nan take, ko dai an samu ƙwaƙwalwa ko laka ko ƙashin da ke ɗauke da shi, ko kuma firgici ne ya kayar da shi.

"A harbe shi a ƙafa"

Duk lokacin da 'yan sandan Amurka suka kashe wani, akan tambayi dalilin da ya sa ba su harbe shi a ƙafa ba. Joe Biden ma ya kawo wannan shawara lokacin yaƙin neman zaɓe na 2020.

Masu horas da 'yan sanda na da amsa biyu. Ta farko, akwai babbar jijiyar jini a cinya, wadda idan aka tsinka ta mutum na iya mutuwa cikin mintoci. Ta biyu, saitin ƙaramar bindiga a cikin tashin hankali abu ne mai wuya ƙwarai.

Wani nazari da cibiyar RAND ta yi wa rundunar 'yan sandan New York ya gano cewa tsakanin 1998 da 2006, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasan da jami'ai suka harba yayin musayar wuta suka samu wanda aka nufa. Sauran sun tafi wani wuri, a cikin birni mai cunkoson jama'a.

Bindigar roba da salansa

Lokacin da bindigar Glock ƙirar Ostiriya ta shiga Amurka a shekarun 1980, an yi ta yaɗa cewa ta roba ce, kuma na'urar filin jirgin sama ba ta ganin ta. Rahotannin da ke cewa Kanar Gaddafi na Libiya na neman sayen ta sun ƙara tsorata jama'a, har Shugaba Reagan ya sa hannu a 1988 kan dokar haramta bindigar da na'ura ba ta iya ganowa.

Gaskiyar ita ce mariƙinta da gangar jikinta ne na roba. Bututun da saman bindigar na ƙarfe ne, kuma na'ura na ganin su sarai. Fim ɗin Die Hard 2 na 1990 ya ƙara raya labarin, inda aka ambaci wata Glock ta tangaran da ba a taɓa ƙerawa ba.

Haka batun salansa yake, na'urar da Hiram Percy Maxim ya yi wa rajista a 1909. Ƙarar ƙaramar bindiga kan kai kimanin desibel 160, salansa kuma na rage 20 zuwa 35. Abin da ya saura ƙara ce da za a ji daga nesa, ba 'yar shesshekar da ake ji a fim ba.

Bindiga a gida na ƙara tsaro?

A nan ne muhawarar ta fi zafi, domin ta shafi siyasa da rayuka.

A 1995 masu bincike Gary Kleck da Marc Gertz sun ƙiyasta cewa Amurkawa na amfani da bindiga wajen kare kai sau miliyan biyu da rabi a shekara. Binciken da gwamnati ke yi a kan waɗanda aka yi wa laifi kuwa yakan ba da adadin da bai wuce dubu ɗari ba. Tazarar ta samo asali ne daga yadda ake yin tambayar da kuma waɗanda ake yi wa ita.

A ɗaya gefen, nazarin Arthur Kellermann na 1993 ya alaƙanta ajiye bindiga da ninka haɗarin kisan kai a gida kusan sau uku. Masu goyon bayan bindiga sun soki nazarin, suna cewa waɗanda ke cikin haɗari tun farko su ne ke sayen bindiga.

Adadin da ba a jayayya a kansa shi ne na mace-mace. Hukumar kula da cututtuka ta CDC ta ce mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma kashi 54 cikin ɗari nasu kansu suka kashe. Wani babban nazari da jami'ar Stanford ta wallafa a 2020 kan mazauna Kalifoniya ya gano cewa namijin da ya mallaki ƙaramar bindiga ya ninka wanda bai mallaka ba kusan sau takwas wajen yiwuwar kashe kansa da bindiga.

Ɗaya daga cikin dalilan ƙarancin bincike shi ne wani tanadi da majalisar dokoki ta yi a 1996, wanda ya hana CDC kashe kuɗi wajen goyon bayan taƙaita mallakar bindiga. Sai a ƙarshen 2019 majalisar ta sake ware dala miliyan 25 domin irin wannan bincike.