Goge a Bakin Kwara: Tarihin Koyar da Jinya da Kiɗa daga Illo zuwa Zauren Jami'a

Gabatarwa

A jami'o'i da dama na duniya akwai fannin karatu da ake kira jinya da kiɗa, wato amfani da sauti da amo da waƙa bisa tsari domin sauƙaƙa wa marar lafiya. Ɗalibin wannan fanni ba ya samun izinin zama da majinyaci shi kaɗai sai ya shafe watanni yana aiki a gaban wanda ya riga shi, ana duba shi, ana gyara masa. Mai karatu zai iya ɗauka cewa irin wannan tsari baƙo ne a wajenmu, amma tarihin ƙasar Bagudo da iyakar Jamhuriyar Benin ya nuna cewa an daɗe da sanin sa. Wannan muƙala za ta bibiyi yadda aka horar da makaɗan jinya a yankin, da wanda ke sa musu ido, da abin da ya tsinke igiyar koyarwar, sannan ta duba abin da jami'a za ta iya gada daga ciki. Hukuncin addini a kan bori sananne ne, malamai sun yi bayaninsa. Abin da ke gabanmu a nan tarihin koyarwa ne.

Mahaɗar hanyoyi

Ƙaramar hukumar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi, Kogin Kwara ya ratsa ta, garuruwanta kamar Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje suna kallon Segbana da Malanville na ƙasar Benin. Tun kafin a ja wannan iyaka, yankin mahaɗa ce. Illo tana cikin manyan garuruwan Borgu uku, tare da Busa da Nikki. Daga arewa maso gabas akwai Kabi, wadda Kanta ya ɓalle da ita daga hannun Askiya Muhammadu a farkon ƙarni na 16. Bayan yaƙin Tondibi a 1591, lokacin da rundunar Maroko ta karya daular Songhai, ragowar gidan Askiya suka gangaro ƙasar Dendi, wadda ta shimfiɗu a bakin kogin har zuwa wannan yanki. A kan haka fataken goro suka ɗora nasu: ayarin Hausawa mai zuwa Gwanja yakan ƙetare Kwara a wannan shiyya, ya bi ta Kandi da Zugu, ɗauke da tufafi da kanwa da gishiri.

Ayari ba ya tafiya da kaya kaɗai. Tare da mutane, tsare-tsaren jinya guda biyu suka haɗu a bakin kogi ɗaya: borin Hausawa da holle na Zabarmawa da Dendawa. Dukansu sun ɗauki wasu cututtuka, musamman na ruɗewar hankali da firgita da doguwar rama, a matsayin taɓuwar iska, dukansu kuma sun sa goge da ƙwarya a tsakiyar magani. Hatta sunan kayan kiɗan ɗaya ne, Bahaushe ya ce goge, Bazabarme ya ce goje.

Makarantar da ba ta da allo

Masu bincike sun rubuta yadda wannan aiki ke gudana. Jean Rouch ya yi nazarin holle a littafinsa na 1960 kan addinin Songhai, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi na borin Maraɗi a 1972, Fremont Besmer kuma ya yi na makaɗan bori a 1983. Abin da ya fito fili daga ayyukansu shi ne, makaɗin jinya ma'aikaci ne a cikin tawaga, kuma horonsa mataki-mataki ne.

Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da zama a bayan ubangidansa. Daga nan a ba shi ƙwarya ko buta ya riƙe amo, aikin da zai iya daɗewa a kai kafin a bar shi ya ja izga. Yana koyon haɗa gogen da hannunsa: ƙoƙo, da fatar guza, da tsirkiyar gashin wutsiyar doki, da ƙaron da ake gogawa don sauti ya fita. Sai kuma hadda, domin kowace iska tana da takenta da kirarinta, kuma Besmer ya nuna cewa 'yan bori sun kasa iskokin birnin Jangare gida goma sha biyu, kowane gida da zuriyarsa. Wanda bai san dangantakar ba zai kaɗa take a inda bai dace ba.

Mafi wuyar darasi shi ne karatun jikin majinyaci. Mai goge yana jan take bayan take idonsa na kan marar lafiya, yana lura da numfashi, da rawar kafaɗa, da inda ido ya kafe. Idan ya ga alama sai ya tsaya a kan wannan take, ya ƙara sauri, masu ƙwarya su bi shi. Idan jiki ya galabaita sai ya sassauta. Gilbert Rouget, a littafinsa na 1980 kan kiɗa da fitar hayyaci, ya kafa hujja cewa sautin kansa ba shi da wani sirri da ke tilasta wa jiki, tasirinsa yana zuwa ne daga ma'anar da mai sauraro ya koya a cikin al'ummarsa. Ke nan gwanintar makaɗin ita ce sanin mutumin da ke gabansa da abin da kunnensa ya saba da shi.

Duk da haka makaɗi ba shi ne mai yanke shawara ba. A girka, wato jinyar da takan ɗauki kwana bakwai ko fiye, uwar girka ko uban girka ne ke cewa a fara, a tsaya, ko a sauya. A wajen Zabarmawa zima ne ke riƙe da wannan matsayi, sorko kuma yana yin kirari. Sama da su akwai sarauta: Sarkin Bori, ko Magajiya, ko Inna a Gobir. Majinyaci kuma ba a raba shi da danginsa, su ke kawo abinci, su ke zama har daren ƙarshe. Saboda haka ɗan koyo yana ƙarƙashin ido uku, na ubangidansa a kan sauti, na uwar girka a kan lafiyar majinyaci, da na dangi a kan mutuncinsa.

Tsarin yana da nasa aibu, ko da an ajiye maganar aƙida a gefe. Girka tana cin dukiya, takan kuma jinkirta mai farfaɗiya ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa daga maganin da zai cece shi. Ba a rubuta sakamako, don haka wanda ya warke ake tunawa, wanda bai warke ba a manta. Ilimin kuma asiri ne, idan mai shi ya mutu bai miƙa ba, ya tafi da shi kabari.

Jihadi da darasin Nana Asma'u

Jihadin 1804 ya sauya matsayin bori daga abin fada zuwa abin ƙyama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hani da shi, ƙaninsa Abdullahi, wanda yammacin daular ya zama rabonsa da Gwandu a matsayin hedikwata, ya koka a Tazyinul Waraƙati kan waɗanda kayan kiɗa suka shagaltar. Amma shugabannin jihadi sun san cewa hani ba ya warkar da ciwo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai kan magani, Nana Asma'u kuma ta tattara addu'o'in neman waraka.

Abin da Asma'u ta yi da ƙungiyar 'Yan Taru ya fi komai dacewa da batunmu. Ta ga cewa matan karkara, da yawa daga cikinsu waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, suna komawa bori ne don a can ake saurarensu. Sai ta naɗa dattijai mata a matsayin jaji, ta ɗora musu malfa, wadda a da alamar Innar Gobir ce, ta ba su waƙoƙin ilimi da ake rerawa a taro, su kuma su riƙa dawowa wajenta ana bitar abin da suka koyar. Ta zubar da aƙidar, ta riƙe ƙwaryar: babba mai sa ido, murya mai amo, da zaman jama'a.

Turawa, iyaka da shirun goge

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Faris ranar 14 ga Yuni, 1898 ta raba Borgu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo ta faɗa na Ingila, layin ya taɓa kogi mil goma sama da Giris, mashigar Illo. Daga baya Turawa suka mayar da Illo ƙarƙashin masarautar Gwandu. Ubangida da yaronsa, ko majinyaci da mai jinyarsa, suka wayi gari a ƙarƙashin hukumomi biyu masu harshe biyu.

Gwamnatin mulkin mallaka a Arewa ta haramta bori, har A. J. N. Tremearne ya tattara yawancin bayanan littafinsa na 1914 a wajen Hausawan Tunis da Tarabulus. Abin da ta kawo a madadin kuwa kaɗan ne: gidajen mahaukata a Kalaba da Yaba, can kudu, da dokar 1916 wadda ta fi damuwa da tsare mai taɓin hankali fiye da jinyarsa. Bayan mulkin kai, yaɗuwar wa'azi, da kafuwar Izala a 1978, da aiwatar da shari'a a Kebbi a 2000 sun ƙara janye goge daga fili. Iyaye suka daina ba da 'ya'yansu koyo, makarantar boko da ta Islamiyya suka ɗauke yaran. Igiyar koyarwa ta tsinke, amma ciwon da ake kaɗa wa goge yana nan, a jikin matar da ta kasa barci bayan haihuwa, da manomin da ambaliyar Kwara ta cinye masa shinkafa ya daina magana.

Yadda jami'a ta shigo

A wani gefen duniya tafiyar ta bi wata hanya, ta kuma iso kusan wuri ɗaya. Malaman Musulunci irin su Alkindi da Alfarabi da Ibnu Sina sun yi rubutu kan tasirin sauti a kan rai, asibitin Sultan Bayazid na Biyu da aka buɗe a Edirne a 1488 kuma ya riƙe makaɗa don masu taɓin hankali. A Amurka, makaɗan da ke ziyartar sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu sun sa likitoci suka ga amfanin abin, suka kuma ga haɗarin barinsa a hannun wanda ba a horar ba. Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe digirin farko a 1944, aka kafa ƙungiyar ƙwararru a 1950. Likita Ira Altshuler ya koyar da ƙa'idar cewa a fara da kiɗan da ya yi daidai da halin majinyaci, sannan a ja shi a hankali zuwa inda ake so. Mai goge na bakin Kwara ba zai ga baƙon abu a cikin wannan ba.

Juliette Alvin ta fara kwas a makarantar Guildhall ta Landan a 1968, Jami'ar Pretoria ta buɗe digiri na biyu a 1999. A Amurka yau sai ɗalibi ya yi awa 1,200 na aikin asibiti a ƙarƙashin mai dubawa. Yakan rubuta abin da ya faru a kowane zama, ya kawo shi gaban malaminsa, a tambaye shi dalilin sauya amo a minti kaza, da abin da shi kansa ya ji a ransa. Abin da jami'a ta ƙara a kan tsohon tsari shi ne rubutu, da gwada sakamako, da sanin lokacin miƙa majinyaci ga likita. Bitar bincike ta Cochrane ta 2017 ta sami cewa ƙara jinya da kiɗa a kan maganin da aka saba yana rage baƙin ciki mai tsanani, aƙalla na ɗan lokaci.

Afirka ta Yamma ma tana da nata misalan haɗa tsoho da sabo. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda majinyata ke zama da danginsu kuma ake aiki da masu maganin gargajiya. Henri Collomb ya yi makamancin haka a asibitin Fann na Dakar.

Kammalawa

Kebbi tana da jami'ar jiha a Aliero da ta tarayya a Birnin Kebbi, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware kusa da Sakkwato, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 kuma ta maye gurbin ta 1958. Idan wata rana ɗaya daga cikin waɗannan jami'o'i ta buɗe wannan fanni, tarihin da muka bi yana ba ta shawara uku. Ta ɗauki sautin da kunnen majinyaci ya sani kuma zuciyarsa ta amince da shi, kamar waƙar reno, da luguden daka, da bege, ta bar kiran iskoki kamar yadda Asma'u ta bar shi. Ta nemi masu dubawa da ke jin Hausa da Dendanci da Fulatanci, domin majinyacin Lolo ba zai faɗi damuwarsa da Turanci ba. Sannan kada ta saki ɗalibi a kan marar lafiya sai da idon babba da na dangi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffin da suka riƙe ƙwarya a bayan iyayen gidansu, a tsallaken nan da wancan, su ne suka san yadda ake koya wa yaro sauraren numfashin wani. Aikin farko da ke kan sassan nazarin Hausa da tarihi shi ne su zauna da su, su rubuta yadda aka horar da su, tun suna da rai.