Cire na'urar birkin tirela da fitar da iska daga birki: abin da ya kamata direba ya sani

Wasu motocin a-kori-kura da manyan jif-jif da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Abidjan daga Amurka da Kanada sukan zo da ƙaramin akwati a ƙarƙashin sitiyari. Na'ura ce da ke sa birkin tirelar da motar ke ja ya kama tare da nata. Wanda ba ya jan tirela yakan kai ta garaji a Adjamé ko Treichville a cire. Manyan kamiyo masu ɗaukar kaya zuwa Yamai da Bamako ba su cikin wannan bayani, don birkinsu na iska ne.

Iri biyu

Ta zamani da lantarki take aiki, galibi da waya huɗu: baƙa ta batir, fara ta jikin mota, ja ta fitilar birki, shuɗiya mai zuwa tirela. Sai a fara cire kan batir, a kwance wayoyin, a naɗe bakin kowace. Ba ta taɓa man birki.

Tsohuwar kuwa tana da siririn bututu da aka jona da babban famfon birki. Da an kwance shi iska ta shiga. Dole a toshe mahaɗar da noti mai zare daidai, sannan a fitar da iskar, aikin da makanikan Abidjan ke kira "purge".

Me ya sa iska ke da haɗari?

Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Shi ya sa feda ke yin laushi, ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. A cunkoson gbaka na Adjamé, hakan na iya cin rai.

Yadda ake yi

Aikin mutum biyu ne. A cika tulun mai, a fara da ƙafar da ta fi nisa da famfo, yawanci ta baya ta dama, sai ta baya ta hagu, sannan na gaba. Ɗaya ya taka feda sau uku ya riƙe, ɗayan ya sassauta notin fitar da iska, ya ɗaure kafin a saki feda. A maimaita har kumfa ta ƙare. Kada tulu ya ƙafe, in ba haka ba aiki ya koma farko. Wasu motoci masu ABS sai an haɗa da kwamfuta.

Wane mai?

A bi abin da aka rubuta a murfin tulu. Sabon DOT 3 yana jure zafi har digiri 205, DOT 4 har 230, amma dukansu suna shan danshi, ga Abidjan da laima. Kamfanoni da yawa na cewa a canza duk shekara 2. Ba a haɗa su da DOT 5.

Bayan an gama, a duba yoyo, a gwada birki a fili kafin a hau titi ko a je binciken SICTA.