Dodon Japan da Tokar Bikini

Ran 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini, cikin tekun Fasifik. Toka mai guba ta zubo wa wani jirgin masuntan Japan mai ɗauke da mutum 23. Dukansu suka kwanta ciwo, kuma ran 23 ga Satumba ma'aikacin rediyon jirgin, Kuboyama Aikichi, ya rasu. Jama'a suka shiga gudun kifi, a ƙasar da kifi ne cimarta.

A watan Nuwamba na shekarar nan kamfanin Toho ya fito da fim ɗin Gojira, wanda Honda Ishiro ya shirya. Labarin wani dodo ne da gwajin bam ya tayar daga ƙarƙashin teku, ya nutsar da jiragen ruwa, sa'an nan ya ƙone birnin Tokyo. Wanda ya ɗauki fim ɗin abin tsorata yara bai lura da asibitin da aka nuna ba, inda likita ke auna gubar bam a jikin ƙananan yara. Masu kallo kuwa sun gane, domin shekara tara kacal ke nan da Hiroshima da Nagasaki, kuma har 1952 hukumar mamayar Amurka ce ke tace abin da silima za ta faɗa game da bam.

Da fim ɗin ya isa Amurka a 1956, sai aka sa masa suna Godzilla, aka yanke yawancin maganar bam, aka cusa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida. Sai a 2004 aka zaga da na ainihin gidajen silimar ƙasar.