Dogon Karatu a Yakite: Daga Zauren Malam Zuwa Digirin Digirgir

Unguwar Yakite tana gunduma ta uku ta birnin Bangui, a yankin da kowa ke kira Kilomita Biyar ko PK5, inda babbar kasuwar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya take, da babban masallacin Juma'a na Koudoukou. Faransawa ne suka kafa Bangui a 1889 a bakin kogin Ubangi. Suka riƙe gaɓar ruwa don ofisoshinsu da gidajensu, 'yan ƙasa da baƙi kuma aka tura su can baya. A cikin baƙin akwai Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi, waɗanda fatauci ya kawo, wasu ta Adamawa da Ngaundare, wasu ta bin kogin Shari. Kaya suka ɗauko, amma ba su bar malamansu a gida ba, don ayari mai nisan zango ba ya rasa mai jan salla.

Saboda haka tun kafin a yi maganar jami'a, mutanen wannan yanki sun san mutumin da ya ba karatu rayuwarsa. Yaro yakan fara da allo a zaure. Ya wanke shi, ya jingina a rana ya bushe, malam ya tsoma alƙalamin kara cikin tawadar gawayi da ƙaro ya ɗora masa sabon rubutu. Mafi yawa in sun sauke sai a ja su shago. Kaɗan ne ke zarcewa karatun littattafai: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har Muhtasar ga mai dogon numfashi. Almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara, layi bayan layi, shekara da shekaru. Idan malaman gari sun ƙare masa, sai ya yi haramar Garwa ko Abeche ko Maiduguri ko Kano. Daga baya ƙofofin Azhar da Madina da Khartum suka buɗe, sannan Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wadda ta fara aiki a 1986.

Abin lura shi ne wanda ke ɗaukar nauyi. Ba gwamnati ba ce. Kasuwa ce: zakkar attajirai, tuwon maƙwabta, ɗan'uwan da ya zauna a shago don ɗayan ya tafi. Kuma kasuwar ta san amfanin abin da take ciyarwa, domin wanda ya dawo shi zai raba gado, ya ɗaura aure, ya sasanta 'yan kasuwa biyu da suka saɓa kan bashi.

Boko ya zo ta wata ƙofa dabam. A zamanin mulkin mallaka, makarantu da yawa na hannun 'yan mishan; shi kansa Barthélemy Boganda, jagoran neman 'yancin ƙasar, limamin Katolika ne da aka naɗa a 1938. Iyaye Musulmi suka yi ɗari-ɗari, kuma ba za a ga laifinsu ba, amma abin ya bar tabo. Da aka sami 'yanci a 1960, aikin gwamnati ya tafi wani ɓangare, ciniki ya zauna a PK5. Ko da aka kafa Jami'ar Bangui a 1969, zamanin Jean-Bédel Bokassa, 'ya'yan unguwar ba su yi mata rububi ba. Ga gidaje da dama, tura yaro Alƙahira ya fi sauƙin fahimta a kan tura shi wannan harabar da babur zai kai shi cikin 'yan mintuna.

Ita ma jami'ar ba ta sami kwanciyar hankalin da zai jawo mai shakka ba. A Janairun 1979 ɗalibai suka fito kan titi saboda tilasta musu sayen kayan makaranta. A watan Afrilu aka kame yara, aka kashe kimanin 100, da yawansu a kurkukun Ngaragba. Shekarun 1990 suka zo da bashin albashi na watanni da yajin aiki, har akan yi shekarar karatu ta tafi a banza, ba jarrabawa ba sakamako. Ɗan kasuwar da ke kallon malamin makaranta yana karɓar shinkafa bashi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Tarihin Faustin-Archange Touadéra, wanda ba ɗan unguwar ba ne, ya nuna tsawon hanyar ko ga wanda ta yi wa kyau. Masanin lissafi ne. Ya sami digirin digirgir na farko a Lille ta Faransa a 1986, na biyu kuma a Yawunde a 2004, shekara 18 tsakani. Ya shugabanci jami'ar daga 2005 zuwa 2008, ya zama firaminista, sannan shugaban ƙasa a 2016. Duka takardun biyu a waje aka samo su. Yau tsarin ya taƙaitu: bayan bakaloriya, wato jarrabawar gama sakandare, shekara 3 na digirin farko, 2 na biyu, aƙalla 3 na digirgir. Sai dai samun takardar ba shi ne ƙarshe ba. Ƙarin girman malamin jami'a yana bi ta hukumar CAMES, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, kuma ita rubuce-rubucen bincike da aka buga take dubawa. Bincike kuwa yana son laburare da lantarki da intanet, abubuwan da a Bangui sai da gumin goshi.

Sai kuma 2013. Ƙungiyar 'yan tawayen Séléka ta kama birnin ranar 24 ga Maris, mayaƙan anti-balaka masu adawa da ita suka kawo hari ranar 5 ga Disamba, PK5 ta zama tsibirin da fita daga cikinsa kan iya zama ajali. Musulmin da suka haura 100,000 suka koma kimanin 15,000. Gadar Yakite, da ake tsallakawa ba tare da tunani ba, ta shiga cikin wuraren da ake ambata in an ji harbi. Ɗalibin da ke da lacca da safe sai ya auna ta da ransa. Wasu suka bi jiragen da Chadi ta aiko, wasu suka bi manyan motoci zuwa Garwa-Bulai, mai rabo ya ci gaba da karatu a Injamena ko Jami'ar Ngaundare, wasu kuma karatun ya tsaya ke nan. Lokacin da Paparoma Francis ya shiga masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamban 2015, akwai samarin da suka yi kusan shekara biyu rabonsu da aji. Ga kuma tsohuwar matsalar takardu: mai sunan Musulmi ya sha fama kafin ya tabbatar shi ɗan ƙasa ne, alhali ba a ba da tallafin karatu sai da wannan shaida.

Duk da haka, akwai dalilin da zai sa gida ya daure. Yawancin abin da aka rubuta kan PK5 rahotannin ƙungiyoyin agaji ne da na 'yan jaridar waje, kusan duk kan rikici. Yadda fatake suka zo, silsilar malaman unguwa, yadda bashi da amana ke tafiyar da kaya daga Duwala zuwa rumfa, wannan sai mai jin Hausa da Sango da Larabci da Faransanci, wanda tsofaffi za su saki jiki da shi. Irin wannan mutum a Yakite ake haifarsa, kuma tsofaffin suna ƙarewa.

Shawarar dogon karatu har yanzu a zaure ake yanke ta, bayan sallar isha'i. Yaro ya ce, Baba, ina so in ƙara. Uba ya juya wajen Kawu, a lissafa kuɗin rajista da na haya a Yawunde ko Dakar, a duba ko akwai ƙanen da ya isa riƙe shago, a kuma tambayi mahaifiyarsa ko ta yarda a ɗaga maganar aure.