Makoki a Kan Wadatar Mugaye

Makoki a kan wadatar mugaye wata irin addu'a ce ta Tsohon Alkawari, inda bawan Allah yakan kai kukansa gaban Ubangiji domin ya ga azzalumi yana bunƙasa, mai tsoron Allah kuwa yana shan wuya. Manyan wuraren da ake samunta su ne Zabura 73, Irmiya 12, Ayuba 21 da littafin Habakuk. Zabura 37 da 49 ma a kan wannan damuwa suke, sai dai da muryar koyarwa.

Tushen damuwar yana cikin alkawari. A Maimaitawar Shari'a 28 an faɗa wa Isra'ila cewa biyayya takan kawo albarka, tayarwa kuwa la'ana. Wanda ya gaskata haka, shi ne zuciyarsa za ta ƙuna idan ya ga akasinsa a kasuwa da gaban alƙali. Wanda bai yarda Allah mai adalci ne ba, ba shi da wurin kai ƙara.

Irmiya ya yi nasa kukan ne bayan mutanen garinsu, Anatot, sun nemi ransa (11:21). Ya fara da shaida cewa Ubangiji mai adalci ne, sa'an nan ya gabatar da ƙararsa. Kalmar Ibrananci da ya yi amfani da ita, "rib", kalmar shari'a ce. Amsar da ya samu ba lallashi ba ce: Allah ya nuna masa cewa abin da ke gaba ya fi wanda ya wuce nauyi (12:5-6). Habakuk kuma, wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Almasihu, ya yi kuka kan zalunci a Yahuza, aka ce masa Kaldiyawa ne za su zama bulala. Wannan ya ƙara masa damuwa, gama sun fi Yahuza mugunta. Babila ta rushe Urushalima a 586, ita ma ta faɗa hannun Sairus a 539. Hukuncin ya zo, amma bayan kusan shekara 50.

Zabura 73 ce ta fi shiga zurfin zancen. Tana ɗauke da sunan Asaf, Balawen da Dawuda ya naɗa shugaban mawaƙa (1 Tarihi 16:4-5). Bai ɓoye cewa kishi ya kama shi ba, har ya fara ganin tsabtar zuciyarsa aikin banza ne. Duk da haka bai baza shakkarsa cikin jama'a ba, don kada ya sa 'ya'yan Allah tuntuɓe (aya 15). Shugabannin ikilisiya su lura da wannan. Juyin ya zo a aya 17, sa'ad da ya shiga wuri mai tsarki. A can ya ga ƙarshen mugaye, cewa a kan santsi suke tsaye. Ya kuma ga kansa, ya yarda ya yi wauta kamar dabba. Ba a ce aljihunsa ya cika ba, ba a ce masu girmankai sun faɗi a ranar ba. Abin da ya fito da shi kawai, Allah ne rabonsa. Ga Balawe wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin Lawiyawa ba su da gādon ƙasa, Ubangiji ne gādonsu (Maimaitawar Shari'a 10:9).

Dole a bambanta makoki da gunaguni. A Littafin Ƙidaya 14 jama'a sun yi maganar Allah a tsakaninsu, suna shirin komawa Masar. Mai makoki kuwa da Allah yake magana, fuska da fuska. Shi ya sa Ubangiji ya tsauta wa abokan Ayuba, waɗanda suka nace cewa wahala shaidar zunubi ce (42:7). A ganina, wa'azin da ke auna yardar Allah da mota da gida, muryar Elifaz ce a sabuwar riga.

Sabon Alkawari bai kashe wannan kuka ba. Misalin mai arziki da Li'azaru (Luka 16:19-31) ya kai shari'ar har bayan kabari, 2 Bitrus 3:9 kuma ta bayyana jinkirin a matsayin haƙurin Allah domin mutane su tuba. A Wahayin Yahaya 6:9-11, waɗanda aka kashe saboda Maganar Allah suna tambaya sai yaushe za a rama jininsu. Ba a tsauta musu ba. An ba su fararen riguna, aka ce su ɗan ƙara jira.